Ƙara daga bayan mota: yadda ake gano inda matsalar take kafin a je gareji

Sau da yawa direba kan ji wata baƙuwar ƙara tana tasowa daga bayan motarsa, sai ya ƙara sautin rediyo ya ci gaba da tafiya. Wani kuma ya garzaya gareji ya ce wa makanike "motar nan tana ƙara", ba tare da ya iya faɗin irin ƙarar ba. Na farko yana wasa da ransa da na fasinjojinsa. Na biyu kuwa yakan ƙare da sayen kayan gyara biyu ko uku kafin a dace da wanda ya lalace.

A yankinmu matsalar ta fi yawa, domin galibin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi, Garwa, Kuseri da Njamena na hannu ne, da yawansu sun shigo ta tashoshin ruwan Kwatano ko Lome bayan sun daɗe suna aiki a Turai. Ga lodin da ya wuce ƙima a ranakun kasuwa, ga gargada da ramuka, ga ƙura da rani da ruwa da damina. Duk wannan wahala ƙafafun baya ne ke shan mafi yawanta.

Tambayoyi uku kafin a taɓa sifana

Abin da ya fi taimaka wa makanike shi ne mai mota ya san lokacin da ƙarar ke zuwa. Shin tana ƙaruwa ne idan gudu ya ƙaru? Ko sai an faɗa rami take fitowa? Ko kuwa sai an taka birki? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce rabin aikin. Yana da kyau a sami wani ya zauna a kujerar baya ya saurara, saboda jikin mota na ɗaukar sauti daga wannan kusurwa ya kai shi waccan, har direba ya rantse ƙarar daga dama take alhali daga hagu ce.

Kafin komai, a kwashe kayan but. Jak da ba a ɗaure ba, tayar safiya da ta kwance a mazauninta, ko ƙarfen kwance taya da ke yawo, duk suna yin ƙarar da za a ɗauka babbar matsala ce. Daga nan a gwada notocin ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Noti da ya saki yakan yi ƙwas-ƙwas a ƙaramin gudu, kuma shi ne abu mafi arahar gyara, mafi muni idan an bar shi.

Gurnanin da ke bin gudu

Idan ƙarar kamar gurnani ce, ko rurin jirgin sama daga nesa, tana ƙaruwa yayin da mota ke ƙara gudu, abu biyu ake fara zargi: taya, ko kuma abin da makanikan Najeriya ke kira boris, na Nijar, Kamaru da Chadi kuma suke ce masa rulma. Shi ne ƙarfen da ke ɗauke da ƙafa yana ba ta damar juyawa a kan ƙananan ƙwallaye ko gungumomi masu maiƙo. Idan ruwa ko yashi ya shiga, ko maiƙon ya ƙare, sai ƙarafan su fara cin juna.

Akwai gwaji mai sauƙi na raba su. A kan hanya mai kyau wadda babu motoci, a matsakaicin gudu, direba ya ɗan karkata sitiyari hagu, sannan dama. Idan mota ta karkata hagu, nauyinta kan koma ɓangaren dama. Saboda haka idan gurnanin ya ƙaru a lokacin, galibi rulman dama ne ya gaji. Idan a karkatawar dama ya ƙaru, na hagu ne. Ƙarar taya kuwa ba ta cika damuwa da sitiyari ba, amma takan sauya idan an bar kwalta mai santsi an hau mai kaushi. Idan an shafa tayar da hannu aka ji tudu da kwari a kanta, ko aka mayar da ita gaba ƙarar ta bi ta, to an kama ɓarawon.

A tsaye ma ana iya tabbatarwa. A sa duwatsu a ƙafafun gaba, a ɗaga ta baya da jak, a saki birkin hannu, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza. Ƙafa lafiyayya ba ta motsi. Sannan a juya ta da hannu a saurara: idan ana jin kamar ana niƙa tsakuwa, rulman ya ƙare. Bayan doguwar tafiya kuma tsakiyar wannan ƙafa kan fi sauran zafi. Wannan ba gyaran da ake ɗagawa zuwa ƙarshen wata ba ne, domin rulman da ya ci wuta na iya ƙamewa, ko ƙafar ta fice ana cikin gudu.

Ƙarar ƙyas-ƙyas mai bin juyawar taya kuwa, sau da yawa tsakuwa ce ko ƙusa ta maƙale a zanen tayar. Idan ana jin dum-dum tare da rawar kujera, a duba ko tayar ta yi ƙulu. Ana kuma iya sanin shekarun taya daga lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a gefenta: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Bugun da ke zuwa a rami

Idan mota shiru take a hanya mai kyau amma tana yin gum ko kwaram a rami da kan tudun rage gudu, matsalar na cikin abubuwan da ke riƙe da ƙafa. Na farko shi ne shokozoba, wanda a ɓangaren Faransanci ake kira amortisa. A danna bayan motar da ƙarfi a saki: ya kamata ta taso ta tsaya. Idan ta ci gaba da lilo, ko aka ga mai ya jiƙa jikinsa ƙura ta manne, ya mutu. Ana sauya su biyu-biyu ne, dama da hagu, don kada mota ta rinjaya gefe guda.

Sau da yawa kuma shokozoban lafiyarsa lau, robobin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ne zafi ya busar suka tsage. Su ba su da tsada, amma ƙararsu ta fi ta kowa tayar da hankali. A motocin ɗaukar kaya irin su Hilux, a duba ganyen sifirin ko ɗaya ya karye. Haka nan salansa, wato bututun hayaƙi, rataye yake da robobi. Idan ɗaya ta tsinke sai ya riƙa dukan ƙasan mota. Idan kuwa hujewa ya yi, a gyara da wuri, saboda hayaƙin injin na ɗauke da iskar guba marar wari wadda kan sa ciwon kai da gyangyaɗi, har ta kashe mutum a rufaffiyar mota.

Ƙarar birki

Ƙananan motoci da yawa birkin bayansu na ganga ne, inda takalma biyu ke buɗewa su danne gangar daga ciki. Ƙura da yashi kan taru a nan su sa ƙara mai tsini, wadda wankewa ke magancewa. Amma idan ƙarar ta koma ta gogar ƙarfe da ƙarfe, fatar takalmin ce ta cinye. Birkin hannu da ya maƙale shi ma yana sa ƙafa ta yi zafi da ƙaurin ƙuna. Idan ƙara ta sauya ko ta ɗauke da zarar an ɗan taka birki, a nan ya kamata a fara bincike.

Motocin da ke ja da baya

Corolla, Golf da Peugeot 406 da ƙafafun gaba suke ja. Amma Hiace, Hilux, Land Cruiser da tsohuwar Peugeot 504 suna da farfela da ke kai ƙarfin injin zuwa akwatin haƙoran da ke tsakiyar gatarin baya. Alamar matsalarsa ita ce kuka mai sauyawa da totur: ana jin sa idan an taka, ya ragu ko ya sauya murya idan an ɗaga ƙafa, alhali gudun bai sauya ba. A fara duba mansa ko ya zube. Bugu guda ɗaya lokacin tashi ko sa giya kuwa, yawanci daga mahaɗin farfela yake.

Akwai wata ƙarar da ba ta da alaƙa da ƙafa ko kaɗan. Motocin zamani masu amfani da fetur famfonsu na cikin tanki, ƙarƙashin kujerar baya. Jin zuuu na daƙiƙa biyu ko uku idan an murɗa makulli ba laifi ba ne. Idan ya zama kuka mai ƙarfi ko mota na tsaye, famfon na shan wahala, sau da yawa saboda gurɓataccen mai ko yawan tafiya da tanki kusan wayam.

Yaushe ake tsayawa nan take?

Idan ƙara ta zo tare da rawar bayan mota, ƙaurin ƙuna, hayaƙi daga ƙafa, ko birki ya yi laushi, a sauka gefen hanya, ko da gari na gaba kusa yake. Kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Sauran ƙararrakin suna ba da lokacin isa gareji. A can, maimakon "motar tana ƙara", mai mota ya ce: gurnani ne, yana farawa a gudu kaza, yana ƙaruwa idan an karkata hagu. Ya nemi makaniken su zagaya tare ya ji da kunnensa, kuma bayan gyara a nuna masa tsohon ƙarfen da aka cire.