Kalmomin Darasin Zane a Sifaniyanci: Abin da Mai Koyo Bahaushe Zai Lura da Shi

1.0 Gabatarwa

Sifaniyanci ba baƙon harshe ba ne ga maƙwabtan Nijeriya, domin shi ne babban harshen hukuma a Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami 'yancin kai daga Sifen a 1968. Wannan maƙala za ta dubi wani ɗan ɓangare na harshen, wato maganar da ɗalibai ke yi a kan darasin zane, wanda yaran Sifen ke kira Plástica a taƙaice.

2.0 Aikatau da Sunayen Kaya

Inda Hausa ke wadatuwa da "yin zane", Sifaniyanci ya raba aikin gida uku: dibujar 'zanawa da fensir', pintar 'shafa fenti da buroshi', sai colorear 'cike zane da launi'. Sunayen kayan aiki kuwa sun fi wuyar kamawa, saboda bambancin kari. Alƙalamin launi mai tawada rotulador ne a Sifen, amma plumón a Meziko, fibra a Ajantina. Haka kuma a Meziko a kan kira gam da Resistol, sunan hajar wani kamfani, kamar dai yadda Bahaushe ya mayar da "omo" sunan kowane garin sabulu.

3.0 Launi da Jinsi

A nan ne Bahaushe ya yi wa mai jin Ingilishi nisa, domin jinsin nahawu ba sabon abu ba ne gare shi. A harsunan biyu, yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin -a jinsin mace ne, kuma sifa kan dace da sunan da take bayyanawa:

el lápiz rojo 'jan fensir'
la pintura blanca 'farin fenti'

Sai dai misali na biyu ya nuna cewa jinsin kalma ba ya bin ta zuwa wani harshe: pintura mace ce, "fenti" namiji. Wani tarkon kuma shi ne jam'i. Hausa kan share bambancin jinsi a jam'i, a ce "jajaye" kurum, alhali Sifaniyanci ya riƙe shi: rojos da rojas. Launukan da aka samo daga sunayen abubuwa, irin su naranja 'lemo' da rosa 'furen wardi', ba sa sauyawa da jinsi, tamkar "ruwan goro" da "ruwan toka".

Ita kanta naranja ta hanyar Larabci ta shigo, haka ma añil 'shuni' da alfarero 'maginin tukwane', gadon zaman Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492. Kalmomi biyun ƙarshe sun haɗiye ɗafin al- na Larabci, yadda "alƙalami" da "allo" suka yi a Hausa.

4.0 Ginin Jimla

Ɗalibi ba zai daɗe yana hirar darasi ba tare da ya faɗi abin da yake so ba, kuma aikatau gustar ne ke ɗaukar wannan nauyi. Kuskure ne a koyar da shi a matsayin 'so'. Abin da ake so shi ne aikau, mai so kuwa karɓau ne, don haka 'burge' ya fi kusa da shi:

Me gusta el dibujo 'Zanen yana burge ni'
Me gustan los colores 'Launukan suna burge ni'

Da wannan fassara, dalilin sauyawar gusta zuwa gustan ya fito fili ba sai an haddace ba.

Roƙo kan zo da sigar tambaya: ¿Me prestas tu goma? 'Ka ara mini abin gogewarka?' Idan kuma fenti ya zube, yaro zai ce Se me cayó la pintura, wato 'Fentin ya suɓuce mini', ya ɗora wa fentin laifi. A Sifen ɗalibai da yawa kan kira malami da profe, su yi masa magana da wakilin suna tú na sabo, amma a yawancin makarantun Meziko usted na girmamawa ake sa ran ji daga bakin ɗalibi.