In Waƙa Ta Tsaya a Waya, Laifin Wa?

Akwai wani tela a bakin layinmu, dattijo mai sanyin hali, wanda tun ina yaro ban taɓa wucewa ta ƙofar shagonsa na ji kukan keken ɗinki shi kaɗai ba, sai tare da muryar Narambaɗa ko ta Shata, da fari daga rikoda mai cin batir shida, daga bisani daga memorin da masu tura waƙa ke cika masa a kasuwa, yanzu kuwa daga wata manhaja da jikansa ya ɗora masa a waya, ya haɗa ta da 'yar sifika da ke rataye a ƙusa. Ran nan na je karɓar ɗinki, na iske shi ya murtuke fuska, ya ajiye almakashi, ya zura wa wayar ido. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, zo ka duba mini abin nan, ina jin da iska a cikinsa. Muddin ina kallonsa yana waƙa, da na kau da kai na taka keke, sai ya yi gum." Na ce, "Baba, babu iska, sai dai wani mai gadi da ya wuce gona da iri." Zan komo kan wannan mai gadi, amma tilas mu fara sanin hanyar da waƙa ke biyowa kafin ta iso kunne, domin wanda bai san hanya ba, ba shi da ikon faɗin inda aka yi ɓatan kai.

A zamanin faifan garmaho da na kaset, waƙa aba ce da mutum ke riƙewa a hannu, in ta ƙi, ya ga dalili da idonsa, ko allura ta dakushe, ko zare ya harɗe a naɗe shi da biro. Manhajojin yau kuwa, irin su Boomplay, wadda ta fara a Nijeriya a 2015 tana zuwa a cikin wayoyin Tecno, da Audiomack da aka kafa a Amurka a 2012, da Spotify ta ƙasar Suwidin, wadda ta buɗe a 2008 amma ba ta iso Nijeriya da Gana ba sai a watan Fabrairu na 2021, dukkansu suna ajiye waƙoƙin ne a manyan kwamfutoci masu nisa, suna turo su gutsure-gutsure a daidai lokacin da ake saurare. Daga waccan taska sauti zai bi intanet, ya bi turken kamfanin layi, ya shiga waya, manhaja ta warware shi, wayar ta miƙa wa Bluetooth ko wayar iyafis, kana ya fito ta sifika. Wannan silsila ce sosai, kuma kamar yadda malaman hadisi ba su yanke hukunci a kan ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum sun ga inda rauni ya shigo, haka ya kamaci mai waya ya bi wannan silsila gaɓa-gaɓa. Galibin mutane kuwa manhaja suke ɗora wa laifi, saboda ita kaɗai ce idonsu ke gani, alhali sau da yawa ita ce mafi ƙarancin laifi a cikin jerin.

Gwajin farko ba shi da wuya. In waƙa tana tsinkewa, mutum ya kunna wadda ya riga ya sauke a wayarsa. In ta tafi sumul, to matsalar ta sabis ce, in kuwa ita ma ta yi ta sarƙewa, to a nemi dalili a cikin wayar ko a sifika. Manhaja takan tara 'yan daƙiƙoƙi na sauti a gaba kafin ta fara, tamkar randa da ake zuba wa ruwa ta sama ana ɗiba ta ƙasa, kuma muddin abin da ke shiga ya kai abin da ke fita, mai sha ba zai san an yi jinkiri ba. Sa'ad da sabis ya raunana, randa ta ƙafe, sai a ga ɗan da'irar nan yana ta juyawa. Maganin da ke hannun mai waya shi ne ya rage yawan ɗiba, watau ya sauko da matakin ingancin sauti a cikin saitin manhajar.

A nan ne lissafi ke da amfani, domin a nan kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Spotify, alal misali, ta shafe shekaru, har zuwa 2025, tana kasa ingancin sautinta mataki huɗu a waya: na ƙasa kimanin kilobit 24 a daƙiƙa, na daidai 96, na sama 160, na ƙoli 320, wanda masu biyan kuɗi kaɗai ke samu. Idan aka juya wannan zuwa abin da mai sayen data ya sani, sauraren sa'a guda a mataki na daidai zai ci wajen megabayit 43, a na sama 72, a na ƙoli 144. Ma'ana, gigabayit ɗaya da zai kai mutum kusan sa'a 23 a matakin daidai, ba zai wuce sa'a 7 ba a matakin ƙoli. Ni dai a ra'ayina, wanda ke saurare da sifikar waya, ko da iyafis ɗin da aka saya a bakin titi, ko a cikin A-daidaita-sahu a tsakiyar hayaniyar kasuwa, in ya zaɓi matakin ƙoli, israfi kawai ya yi, gama kunnensa ba zai taɓa riskar bambancin da ya biya wa kuɗi ba. Balle kuma mai sauraren mazan jiya irin su Ɗanƙwairo, waɗanda aka ɗauki yawancin waƙoƙinsu da na'urorin wancan zamani, aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset har shuuu ɗin zare ya zama ɗaya daga cikin 'yan amshi. Abin da bai shiga faifai ba tun ran ɗauka, babu adadin datar da zai dawo da shi.

Sai a lura kuma cewa saitin inganci ba guda ɗaya ba ne: akwai na lokacin da ake kan Wi-Fi, akwai na datar layi, akwai na saukewa, kuma kowanne zaman kansa yake yi. Hikima ita ce a ƙasƙantar da na datar layi, a ɗaukaka na saukewa gwargwadon sararin waya, sa'an nan a yi saukewar da datar dare mai rahusa. Wanda ya ga saukewa ta tsaya tana jira ba ta motsi, ya duba ko an ba manhajar izinin saukewa da datar layi, don wasu sukan zo da wannan ƙofa a rufe, suna jiran Wi-Fi da mafi yawanmu ba mu da shi a gida. Akwai kuma ɓarayin data guda biyu da ba a cika kula da su ba. Na farko 'yan gajerun hotuna masu motsi da ke maimaita kansu a bayan waƙa, waɗanda ake iya kashewa. Na biyu ɗabi'ar manhaja ta ci gaba da zaɓo wa mutum waƙoƙi bayan jerinsa ya ƙare, wadda ke sa mai barci ya wayi gari datarsa ta tafi. Ban da kunyar da takan jawo, domin na san wanda ya kunna ƙasidar yabon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a gaban surukinsa, tana ƙarewa sai ga kiɗan gala ya ɓarke a ɗakin. Ana kashe wannan a saiti, akwai kuma agogon barci da ke tsayar da sauti bayan mintocin da aka ƙayyade.

Mas'alar da ta fi rikita jama'a kuwa, musamman waɗanda suka saba da masu tura waƙa na kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da makamantanta, ita ce hukuncin waƙar da aka sauke. A wurin mai turi, in ka biya ya zuba maka a memori, ta zama taka, ka tura wa wanda ka so ta Xender, ka cire memorin ka sa a rediyon mota. A manhaja kuwa, in muka ari harshen malaman fiƙihu, ba cinikin saye aka ƙulla da kai ba, ijara ce, watau haya: an mallaka maka amfani, ba a mallaka maka asalin abin ba. Saboda haka ake kulle waƙar da wani mabuɗi da manhajar kaɗai ke riƙe da shi, ko ka binciko ta a cikin ma'ajiyar waya ba za ta buɗu ba. Hayar kuma da sharuɗɗanta. A Spotify, wajibi ne wayar ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya a cikin kwana 30, in ba haka ba waƙoƙin da aka sauke su ɓace. Ba a saukewa a na'ura fiye da biyar. Kuma asusu guda ba ya waƙa a wuri biyu lokaci ɗaya, don haka wanda ya ba ƙaninsa kalmar sirrinsa kada ya yi mamaki in waƙa ta yanke masa sa'ad da ƙanin ya kunna tasa a wani gari. Mai asusun kyauta da ya yi tafiya, ɗalibi ne a Alƙahira ko falke a Kumasi, kwana 14 gare shi kafin a bukace shi ya sauya ƙasar da ke rubuce a asusunsa. Haka nan waƙar da sunanta ya dusashe, ta ƙi taɓuwa, yawanci mai haƙƙinta ne ya janye ta ko bai ba da izininta a ƙasar ba, kuma babu mai gyaran wayar da ke da maganin wannan, ko da ya karɓi kuɗinka.

Daga nan ne ake gane haɗarin wasu maɓallai biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa a saitin wayoyin Android, a ƙarƙashin bayanin kowace manhaja. Ɗaya yana share ma'ajiyar wucin gadi, wadda masu gyara ke kira kash, watau tarkacen da manhaja ke tarawa don kada ta sake ɗauko abin da ta taɓa ɗaukowa. Share shi kamar sharar tsakar gida ne, yakan warkar da nauyi da daskarewa, yana kuma samar da sarari. Ɗayan kuwa yana share bayanan manhajar ɗungurungum, ya fitar da kai daga asusunka, ya tafi da duk abin da ka sauke, ka koma kamar ran da ka fara. Yara masu karambani da yawa sun danna na biyu suna nufin na farko. Tertibin da ya dace shi ne a fara da mafi sauƙi: a rufe manhaja a sake buɗewa, a kashe waya a kunna, a duba ko an bar ta a yanayin aiki ba intanet an manta, a duba agogo da kwanan watan wayar, domin in sun kauce ƙwarai taskar can takan ƙi amincewa da ita, a sabunta manhajar, a share kash. Cire ta a sake ɗorawa shi ne lalas, ba a kai wa gare shi sai magani ya ƙare.

To, ga mai gadin Baba tela. Tun daga Android 6, wanda ya fito a 2015, waya takan taƙaita aikin manhajoji idan an bar ta a ajiye, don tanadin caji, masu ƙera waya da yawa kuma suka ƙara nasu tsanani a kan wannan, har ya zama da allo ya yi duhu sai a kori duk manhajar da ba a ba ta izinin aiki a bayan fage ba. Abin da na yi masa bai ɗauki minti biyu ba: na shiga saitin batir, na nemo manhajar, na ɗauke mata takunkumi, na kuma roƙe shi ya daina taɓa wata manhajar "wanke waya" mai hoton tsintsiya da jikan ya koya masa dannawa safe da yamma, wadda ita ma korar take yi. Muka ajiye wayar, allo ya mutu, kotso bai fasa ba.

Gaɓar ƙarshe ta silsila, daga waya zuwa kunne, ita ma tana da nata illoli. Bluetooth na ƙananan sifiku bai cika wuce taku goma sha ba, bango ko jikin mutum na raunana shi, kuma in ya rikice, a sa wayar ta manta da sifikar a sake haɗa su. A lokacin hunturu ƙura takan cushe ramin iyafis har waya ta ɗauka an soka wani abu, ta hana sifikarta magana; tsinke mai laushi ya isa, bayan an kashe wayar. Akwai saitin daidaita ƙarar waƙoƙi, wanda ke hana tsohuwar waƙa mai sanyin murya ta biyo bayan sabuwa mai tsawa mutum ya yi ta kai hannu. Sai kuma ma'aunin sassan sauti, inda samari ke son tura ɓangaren gangar ƙasa har ƙarshe. Wannan ya yi wa kiɗan rawa daidai, amma waƙar Hausa ta gargajiya magana ce, azanci da kirari da habaici, kuma haruffan da ke rarrabe kalma daga kalma suna zaune ne a tsakiya da ɗan sama. Wanda ya cika gangar ƙasa ya binne mawaƙin a ƙarƙashin makaɗansa. Kuntigin Ɗanmaraya Jos ma ba shi da abin da zai ba wannan ɓangare.

Kafin in tafi, Baba ya ce in nemo masa wata waƙar Ɗanƙwairo da ya ce manhajar ba ta da ita. Na rubuta sunan da ƙugiyoyinsa kamar yadda aka koya mana a makaranta, aka kawo kaɗan. Na cire ƙugiya na rubuta Dankwairo, aka ƙaro wasu. Na raba shi biyu, Dan Kwairo, sai ga wani jeri dabam, domin waɗanda suka ɗora waɗannan waƙoƙi kowa da irin rubutunsa, wani ma laƙabin basaraken da aka yi wa waƙar ya sa a gurbin sunanta. A rubutu na huɗu muka same ta, an jingina ta ga wani makaɗi dabam. Ya saurari baiti biyu, ya gyaɗa kai, ya ce ita ce, amma ta kaset ɗinsa ta fi wannan tsawo. Sa'an nan ya miƙo mini rigata, ya ce hannun hagu ne ya rage, in dawo jibi.