Wuraren kallo na duniya: uku suna cikin ƙasar Nijar

Manomi yana tafiya cin rani. Makiyayi yana tafiya neman ciyawa da ruwa. Ɗan kasuwa yana tafiya don riba, alhaji kuma don sauke farali. Amma akwai waɗansu mutane masu tafiya don kallo kawai. Suna tara kuɗi shekara da shekaru, su hau jirgi, su je su ga wani dutse ko wani tsohon gini, su ɗauki hoto, su koma gida. Su ne ake ce wa masu yawon buɗe ido.

Wuraren da suke zuwa suna da yawa. A Masar akwai dala, manyan gine-ginen dutse da Fir'aunoni suka yi, sun kai shekara 4,500 a tsaye. A Indiya akwai Taj Mahal, hubbaren farin dutse da wani sarki Musulmi ya gina wa matarsa bayan ta rasu. Tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, kogin Zambezi yana faɗawa cikin wani rami mai zurfin mita 100 da ɗoriya, ana jin rugugin ruwan tun daga nesa. A Tanzaniya akwai dutsen Kilimanjaro, wanda ke da ƙanƙara a kansa alhali yana cikin ƙasar zafi.

Wata hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai suna UNESCO, tana rubuta irin waɗannan wurare cikin littafi guda. Duk wurin da ya shiga littafin ya zama gadon duniya baki ɗaya, kuma ƙasar da yake cikinta ta ɗauki alkawarin tsaronsa. Wuraren da aka rubuta sun wuce 1,200. Uku daga cikinsu suna Nijar: tsohon birnin Agadas, duwatsun Abzin tare da hamadar Tenere, da gandun dajin W. Akwai mutanen Faransa da Jamus da suka san su sarai, alhali manomi da yawa a Tasawa ko Madawa bai taɓa jin labarinsu ba.

Hasumiyar laka

Daga Tawa zuwa Agadas tafiyar wajen kilomita 400 ce. Daga Damagaram, ta hanyar Tanut, ta ɗan fi haka. Ko ta wace hanya mutum ya biyo, abin da zai fara hangowa shi ne hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27. Ba siminti, ba ƙarfe. Laka ce, irin wadda kowa ke gina ɗakinsa da rumbunsa. A duniya duka babu hasumiyar laka da ta kai ta tsawo.

An fara gina masallacin wajen shekarar 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844. Mai kallo zai ga itatuwa sun fito daga jikinta ta kowane gefe, kamar ƙayar bushiya. Ba don ado aka sa su ba. Suna riƙe ginin, kuma a kansu magina suke takawa idan za su yi yaɓe. Kewaye da masallacin akwai fadar Sarkin Abzin, da tsofaffin unguwanni 11, da rumfunan maƙeran azurfa da dukawa. Har yanzu ana nuna wa baƙi gidan da Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a 1850. Bahaushe ba ya baƙunta a Agadas, domin da Hausa ake ciniki a kasuwa. A shekarar 2013 aka rubuta tsohon birnin cikin littafin UNESCO.

Kowane manomi ya san halin ginin laka: idan an bar shi damina biyu ba yaɓe, ya fara zubewa. Hasumiyar Agadas ta daɗe ne saboda hannu bai rabu da ita ba. Ruwan sama kuwa ba ya jin kunyar tsufan gini. A watan Satumba na 2024, ruwa mai yawa ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya fi shekara 150 a tsaye.

Lambuna cikin duwatsu, gishiri bayan rairayi

Arewa da Agadas duwatsun Abzin suke. Mafi tsawo yana kan tudun Bagazam, ya kai mita 2,022. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Gobir ko Damargu zai yi zaton babu abin da zai rayu cikin waɗannan baƙaƙen duwatsu. Sai ya shiga kwazazzabo ya tarar da lambuna kore shar. A Timiya ana noman lemo da rumman da dabino da inabi, raƙumi ko sa yana jan guga daga rijiya. Kusa da garin akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse cikin wani ƙaramin tabki. Albasa da tafarnuwa da dankalin turawa na Abzin suna zuwa har kasuwannin kudu.

Gabas da duwatsun sai Tenere, rairayi iyakar ganin ido. Masu yawon buɗe ido suna cewa tana cikin mafi kyawun hamada a duniya, saboda tuddan rairayinta da taurarinta da dare. Abzinawa masu ayari ba don kyau suke ratsa ta ba. Bayan damina suna ɗaura wa raƙuma hatsi da ciyawa, madugu yana gaba, su nufi Fashi da Bilma. Can suke sauya hatsi da gishiri da dabino, sa'an nan su gangaro kudu. Kantun gishirin da makiyayi ke ba bisashensa su lasa a Dakoro ko Tanut, sau da yawa ta wannan hanya ya biyo.

Hamadar ba haka take ba tun asali. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, akwai zanen raƙuman dawa guda biyu da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse. Babban ya fi mita 5, kuma masana sun ce ya yi dubban shekaru. Wanda ya sassaƙa shi da idonsa ya ga raƙumin dawa a wurin, ke nan a lokacin akwai itatuwa da ruwa. A Gadufawa kuma an tono ƙasusuwan wani kada na zamanin dā, mai tsawon wajen mita 11.

Labarin da ya fi dacewa kowa ya ji shi ne na itaciyar Tenere. Itaciyar ƙaya ce guda ɗaya tak, a kan hanyar ayari, ana tafiyar kwanaki ba a ga wata ba. Da aka gina rijiya kusa da ita aka ga saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana bin ruwa. Ayari nawa suka kwana a gindinta cikin sanyin hunturu, amma babu wanda ya karya reshenta ya dafa shayi, babu wanda ya bar raƙuminsa ya ci ganyenta. A 1973 wani direban babbar mota ya buge ta, ta faɗi. Fili ya ishi kowa a Tenere, amma ita ya samu. An kwashe gawarta an kai gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

An rubuta Abzin da Tenere cikin littafin UNESCO a 1991. Faɗin wurin ya fi hekta miliyan 7. Shekara guda bayan haka, saboda tawaye, aka sa shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. A shekarun nan ne masu bindiga da mota suka ƙarar da jiminar Abzin. Barewa da ragon dutse ma sun ragu ƙwarai.

Gandun W

Na uku yana kudu maso yamma, inda Nijar ta haɗa iyaka da Benin da Burkina Faso. A wurin kogin Kwara ya yi lanƙwasa irin ta harafin boko W, daga nan sunan ya fito. An keɓe dajin a 1954, aka rubuta shi a 1996. Akwai giwa da ɓauna da gwanki da dorina da zaki. Doka ta hana farauta da kiwo a ciki, abin da ya sha haɗa makiyaya masu gangarawa kudu da ma'aikatan gandun daji.

Raƙuman dawa na Kure

Akwai wani abin kallo da ba ya cikin ukun nan, amma shi ya fi kusa da gonar talaka. Kure tana wajen kilomita 60 daga Yamai, a kan hanyar Doso. Nan ne raƙuman dawa suke yawo, ba shinge, ba waya, tsakanin gonaki da garken shanu. Da irinsu sun bazu daga Senegal har tabkin Cadi. Farauta da fari da saran daji suka cinye su ko'ina, sai na Nijar kaɗai suka rage. A 1996 an ƙidaya su, aka samu 49 kacal.

Gwamnati ta hana kashe su, da tara da ɗauri ga wanda ya yi. Ƙungiyoyi suka shigo da rijiyoyi da ƙananan basussuka ga ƙauyukan yankin. Samarin wurin suka zama ƴan rakiya, baƙo ya biya su, su kai shi inda dabbobin suke. Bayan shekara ashirin da ƴan kai, raƙuman dawa suka haura 600. Aiki ne na haƙuri, domin macen tana ɗaukar ciki wata 15, ta haifi ɗa guda.

Zaman bai rasa gardama ba. Da rani raƙumin dawa yana cin ganyen gawo da ƙaya, amma idan ya samu wake ko mangwaro ba ya ƙyalewa. Manomin da aka cinye masa wake cikin dare yana da gaskiya idan ya yi ƙorafi, don hoton da baƙo ya ɗauka ba ya cika masa rumbu. Sai dai itacen da ake sarewa ana lodawa zuwa Yamai, shi ne abincin dabbar. Idan daji ya ƙare, gona ce ta rage mata.

Baƙi sun ɗauke ƙafa

A shekarun 1980, Agadas tana cika da baƙi lokacin sanyi, ga kuma tseren motocin Paris-Dakar da ke ratsa Tenere. Direba da mai raƙumi da maƙeri da mai dafa abinci, kowa yana samun rabonsa. Tawayen 1990 ya tsayar da harkar. Ta farfaɗo, tawayen 2007 ya sake kashe ta, satar Turawa a Arlit a 2010 ta ƙarasa. Direbobi da ƴan rakiya da yawa suka koma wasu sana'o'i, wasu suka tafi haƙar zinariya. A ranar 9 ga Agusta 2020, ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure: Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, direba da ɗan rakiya. Gandun W ma ƴan bindiga sun shiga shi, baƙi suka daina zuwa.

Masu kula da raƙuman dawa sun daɗe suna tsoron barin su wuri guda, kada cuta ko fari ko fitina ta share su gaba ɗaya. Don haka a ƙarshen 2018 aka kama takwas, aka ɗora su a manyan motoci, aka yi tafiyar wajen kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji, arewa da Dakoro, cikin jihar Maraɗi. Wajen shekara 50 ke nan rabon yankin da raƙumin dawa. Tsofaffin makiyayan wurin sun san shi tun suna yara, jikokinsu kuwa a ranar suka fara ganinsa.