Duwatsun Hijir (Mada'inu Salihu): Wa Ya Sassaƙa Su, Kuma Ya Halatta A Ziyarce Su?

Tambaya: Malam, ina shirin tafiya Umara, kuma cikin wuraren da aka ce za a kai mu har da duwatsun Mada'inu Salihu. Gidajen Samudawa ne waɗannan da muke gani a hotuna? Kuma ya halatta in je?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Wurin da kake tambaya shi ne Hijir, kusa da garin Ula, fiye da kilomita 300 arewa da Madina. Fili ne na rairayi, manyan duwatsu tsaitsaye a cikinsa, kowanne ya ware kansa. Asalin irin wannan dutse yashi ne da ruwa ya tara rukuni bisa rukuni, ya danne ya dunƙule bayan zamani mai tsawo. Sai iska da ruwan sama suka yi ta cin inda ya fi taushi suna barin mai tauri. Haka aka samu Dutsen Giwa da ke kusa da Ula, wanda ya fito da siffar giwa har da hanci ƙasa, ba hannun mutum a ciki. Taushin nan kuma shi ya sa dutsen yake sassaƙuwa.

Game da Samudawa, Alƙur'ani ya ba da labarin cewa suna sassaƙa gidaje a jikin duwatsu, suka ƙaryata Annabi Salihu (AS), suka soke taguwa, tsawa ta halaka su. Ya kuma tabbata cewa Hijir ƙasarsu ce. Sai dai ƙofofin nan masu ado da ake ɗauka a hoto kaburbura ne, guda 111, kuma rubutun da ke jikin wasunsu na Nabaɗawa ne, mutanen da suka sassaƙa birnin Petra a ƙasar Jodan. Kwanan watan da ke jikin rubutun yana komawa wajen ƙarni na farko na Miladiyya, alhali Samudawa sun shuɗe tun kafin Annabi Musa (AS). Ke nan wata al'umma ce ta zo ta zauna a kufan wata, ita ma ta wuce. Mafi shahara cikin kaburburan shi ne Ƙasarul Farid, dutse guda tilo da aka fara sassaƙawa daga sama zuwa ƙasa, aka bar gindinsa ba a gama ba. A shekarar 2008 hukumar UNESCO ta sanya Hijir cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Saudiyya.

Amma hukuncin bai rataya ga wanda ya sassaƙa ƙofa ba, ya rataya ga ƙasar da azaba ta sauka a cikinta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya bi ta Hijir a hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira. Ya hana sahabbai shiga mazaunin waɗanda aka azabtar sai in suna kuka, don tsoron kada abin da ya same su ya sami mai shiga. Ya lulluɓe kansa, ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Wasu sun riga sun ɗebi ruwan rijiyoyin wurin sun kwaɓa gari, sai ya umarce su su zubar da ruwan, su ba raƙuma kwaɓin, su ɗeba daga rijiyar da taguwa take sha.

Daga nan malamai suka fahimci cewa wanda ya shiga domin wa'azantuwa, zuciyarsa na tsoron Allah, bai saɓa ba. Wanda kuwa ya je don shaƙatawa, da shimfiɗa tabarma a ci a sha, da raha da dariya gaban kyamara, ya yi abin da aka hana. Saboda haka ka tambayi masu shirya tafiyar me za a yi a wurin. In yawon buɗe ido ne zalla, ka zauna a Madina ka ribaci salla a Masallacin Annabi (SAW), domin ziyarar Hijir ba ta cikin ayyukan Umara, ba abin da zai ragu daga ladanka. In kuwa ka je, kada ka daɗe, kada ka kwana, kada ka sha ruwan rijiyoyinsa.

Kada kuma ka tsinto tsakuwa ko ka ɗebo ƙasa ka kawo gida da sunan tabarruki ko magani. Dutse ba ya amfanarwa, ba ya cutarwa. Ko Hajarul Aswad, Sayyidina Umar (RA) ya bayyana cewa yana sumbatarsa ne kawai don ya ga Annabi (SAW) ya yi, balle dutsen ƙasar da aka halaka mutanenta.

Allah ya karɓi Umararka, ya sa mu cikin masu gani su wa'azantu. Allah ne mafi sani.