Anzad a Ingal: wa zai rubuta sunayen masu goge?

Kowace shekara, idan damina ta kusa ƙarewa cikin watan Satumba, makiyaya Abzinawa da Fulani Woɗaɓe sukan koro dabbobinsu zuwa filayen Ingal, yamma da Agadas, domin su ci ciyawa mai gishiri. Wannan shi ne taron da ake kira Cure Salée. Bayan jawabin hukumomi da sukuwar raƙuma, da dare sai a shiga kaɗe-kaɗe, kuma gitar ce ta fi jan samari. Amma Abzinawan da suke taruwa a nan suna da wani kiɗa da ya girme ta nesa ba kusa ba, wato anzad.

Anzad goge ne mai tsirkiya guda ta izgar doki, an ɗaura masa fata bisa ƙwarya. A al'ada mata ne suke goga shi, maza kuwa su rera waƙa a kai. A 2013 hukumar Unesko ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya, da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Sai dai yarinya takan koye shi ne da kunne, a gefen tsohuwa. Idan tsohuwar ta kwanta dama ba ta bar almajira ba, to, ta tafi da takenta da sunan wadda ta ƙaga shi.

Bari mu duba yadda Turawa suka tsare nasu. An haifi Mozart a garin Salzburg a 1756. Yana da shekara 5 ya fara tsara kiɗa, yana da 6 mahaifinsa Leopold, wanda shi ne malaminsa, ya kai shi gaban sarakuna. Ya rasu a 1791, amma har yau ana cika zauruka domin sauraren kiɗansa. Dalili kuwa shi ne an rubuta. A 1862 wani masani mai suna Köchel ya jera ayyukansa da lamba, daga 1 zuwa 626. Baiwa daga Allah take. Malami da takarda su suka raya ta.

Ƙasarmu ma ba ta rasa yara masu baiwa ba. Umaru Muktar, haifaffen jihar Agadas a 1980, ya shiga ƙungiyar malaminsa Haja Bebe yana ƙaramin cikinsu, shi ya sa aka laƙaba masa Bombino, daga kalmar Italiyanci mai nufin ƙaramin yaro. Faifansa mai suna Deran na 2018 ya kai shi takarar kyautar Grammy a Amurka. Shi ya samu malami, kuma na'ura ta ɗauki kiɗansa.

Akwai kuma darasin biram, molon Buduma na tafkin Cadi mai tsirkiya 5. Saura kaɗan ya ɓace, sai Malam Mamman Barka, tsohon malamin makaranta, ya tafi a 2002 ya durƙusa gaban Bukar Tar, gwani na ƙarshe, ya koya. Barka ya rasu a 2018, amma ya bar biram cikin faifai.

Saboda haka aikin yana wuyanmu duka. Wanda ya sauke karatun yaƙi da jahilci yana da abin da kakanninsa ba su samu ba, wato alƙalami. Ya zauna da mai anzad ta zangonsu, ya rubuta sunanta, da sunan wadda ta koya mata, da sunan kowane take da abin da ya sa aka yi shi. Hukumomin da suke shirya taron Ingal kuwa, ya kamata su keɓe wa anzad dare guda, su sa kowace gwana ta zo da yarinyar da take koya wa. Da rarrafe yaro kan tashi, amma sai da mai riƙe masa hannu.