Shan Kwana: Abin da Direban Tsere Ya Sani

Wanda ya kalli tseren motoci na Formula 1 a talabijin, gudun ne ke fara ɗauke masa hankali, don mota kan haura kilomita 300 a awa. Amma masu sana'ar sun san ba a miƙaƙƙiyar hanya ake cin tsere ba. Nan kowa ma zai iya danne totur. A kwana ake gane gwani. A gasar Monako akwai wata kwana mai tsananin lanƙwasa wadda waɗannan motocin ke sha da gudun wajen kilomita 50 kacal, kusan gudun babur ɗin Boksa a cikin gari. Jackie Stewart, wanda ya ci kambun duniya a 1969 da 1971 da 1973, da laushin hannu da na ƙafa ya yi suna, ba da fizgar sitiyari ba.

Babu filin tseren mota a Tsanyawa, amma titin Kano zuwa Katsina ya ratsa ta, kuma daga jikinsa hanyoyin burji suka rarrabu zuwa ƙauyuka. Abin da ke riƙe motar tsere a kan kwalta shi ke riƙe Golf ɗin da ta taso daga Bichi da fasinja.

Mota ba ta taɓa ƙasa sai ta tayoyi huɗu, kuma inda kowace taya ta dafa kwalta bai fi tafin hannu ba. Wannan ɗan riƙo shi ake kashewa a birki, shi ake kashewa a juya sitiyari, shi ake kashewa a ƙara wuta. Kamar kuɗin cefane yake: in aka zuba shi duka a nama, ba za a samu na mai ba. Direban da ya shiga kwana da gudu, sannan ya taka birki da ƙarfi yana tsakiyar juyawa, ya nemi taya ta biya bashi biyu da kuɗi ɗaya. Sai ka ji ana cewa mota ta ƙwace masa. Lissafin kuwa ba shi da sassauci, domin riƙon da kwana ke nema ba ya tafiya daidai da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, riƙon da ake buƙata ya ninka sau huɗu. Kwanar da aka sha lafiya a 40, a 80 tana neman ninki huɗu na ƙarfin taya.

Shi ya sa direban tsere ke yin yawancin birkinsa tun mota tana miƙe, ya sauko da giya, sannan ya karya sitiyari sau ɗaya a hankali. A tsakiyar kwana ƙafarsa na kan totur kaɗan, daidai yadda gudu ba zai ƙaru ba kuma ba zai ragu ba. Sai ya hango mafita ya fara warware sitiyari, kuma gwargwadon yadda yake warwarewa haka yake ƙara wuta. Idonsa kuma yana can inda yake son zuwa, don hannu ido yake bi. Mai babur da ya ƙura wa rami ido, galibi cikinsa yake faɗawa.

Akwai kuma batun nauyi, wanda direbobinmu na haya suka fi kowa buƙatar sani. In an taka birki nauyin mota gaba yake komawa, in an ba ta wuta ya koma baya. Golf da Sharon da tayar gaba suke ja, saboda haka in aka danna musu wuta a cikin kwana sai gaban ya ƙi juyawa, mota ta miƙe ta nufi gefen titi ko da an karya sitiyari. In kuma tsoro ya sa aka ɗage ƙafa farat ɗaya, baya ne zai yi sakayau ya zame. Yanzu ɗora buhunan gero da ake kai wa Dawanau, an cika but har ya ƙi rufuwa, wasu an ɗaure a sama, ga taya ta gwanjo da zanenta ya shafe. Motar da nauyinta ya hau sama ba ta tsayawa zamewa, wuntsilawa take yi.

A ganina samarin da ke wasan mota da babur a wajen rakiyar amarya sun ɗauko abin a baibai. Ƙarar taya da hayaƙin da ake yi wa tafi, a filin tsere alama ce ta ɓata taya da lokaci. Sauri ya haifi nawa.

Dabara ɗaya ce ta filin tsere ba ta aruwa. Ɗan tsere kan buɗe zuwa gefen waje, ya yanko cikin kwana, ya sake fita waje, don ya rage lanƙwasar. Yana yin haka ne domin duk faɗin titin nasa ne, kowa gefe guda ya nufa, an share kwalta, ga tsakuwa da shinge don tare wanda ya kauce, ga motar asibiti a tsaye. A hanyar da ake gaba da gaba, yanke kwana shiga hannun wani ne. A damina dawa da gero kan yi tsawo su rufe abin da ke bayan kwana, a hunturu hazo ya karɓa. Abin da ke ɓoyen na iya zama amalanken shanu, ko garken awaki, ko tirela. Ga mai babur kuwa, yashin da iska da ruwa ke tarawa a bakin kwalta ya fi komai haɗari, musamman inda burji ya haɗu da titi: in ya damƙe birkin gaba alhali babur na karkace a kan yashin nan, tayar gaba za ta tafi kafin ya sauke ƙafa.