Sunayen Barikoki da Tunawa da Mazan Jiya na Yaƙin Bama

Bahaushe bai gaji kafa gunki ko dogon dutse domin tunawa da jarumi ba. Abin da ya gada shi ne kirari da waƙa da laƙabi. Turawa ne suka zo da al'adar sassaƙa sunayen matattu a jikin gini, kamar wanda ke maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Rangun na ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar tun 1989. An buɗe ginin a 1958, yana ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, ciki har da 'yan Nijeriya da suka gwabza da Japanawa a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. To, amma mutum nawa ne daga Kano ko Katsina ya taɓa zuwa can ya karanta sunan kakansa?

A nan gida, sunayen barikoki ne suka fi riƙe tarihin wannan yaƙi. Barikin Chindit na Zariya ya ci sunan dakarun Janar Wingate, waɗanda aka riƙa saukewa cikin daji a bayan abokan gāba. A 1944 akwai bataliya uku ta sojan Nijeriya a cikinsu. Kalapanzin na Kaduna sunan kogi ne a yankin Arakan. Myohaung na Legas kuwa gari ne da aka ƙwato a watan Janairu 1945.

Mafi shahara shi ne Barikin Dodan, inda aka mulki Nijeriya daga 1966 har gwamnati ta tare Abuja a 1991. Kunnen Bahaushe kan ji kamar dodo ake nufi, ga shi kuwa wurin ya isa a ji tsoronsa. Alhali sunan wani fagen daga ne a Bama.

Sai dai irin wannan tunawa tana da rauni. Wurin da aka yi yaƙi take ɗaukakawa, ba mutumin da ya faɗi a can ba, kuma suna kan ci gaba da yawo a baki bayan ma'anarsa ta ɓace. Ko ranar tunawa da mazan jiya ma ta sauya: an ɗauke ta daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.